Ranar Da Za A Miƙo Miki Abin Magana

Ku matso kusa 'yan uwa, a tura yaran nan waje su yi wasansu, don zancen yau namu ne mu kaɗai. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da mu. In muka haɗu a nan, babu wadda ba ta iya magana ba. Yaya za ta ɗauko rikicin gadon danginsu ta warware shi tiryan-tiryan, wa ya ce me, wa ya mayar masa da me, har sai kowaccenmu ta gane inda gaskiya take. Maman 'yan biyu za ta bi mana farashin buhun wake tun daga Dawanau har shagon unguwa, da kuɗin mota da na dako, ba takarda ba biro. Amma a kai mu taron iyaye da malamai, shugaban taro ya ce ko iyaye mata suna da abin cewa, sai ɓangarenmu ya yi tsit, kowa ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafi. Ana tashi, tun ba mu kai bakin titi ba, sai mu ɓarke da bayanin da ya kamata a ce an ji shi a ciki.

Shirun nan yana da tsada. An ƙara kuɗin makaranta ba da bakinmu ba. An sauya lokacin tashin yara ba a tambayi masu ɗauko su ba. Ke kuma mai aikin ofis, na san kin gane inda na dosa: ke kika yi ta fama da rahoton nan, ke kika hana idonki barci, ranar gabatarwa kuma kika ce wa abokin aikinki don Allah shi ya yi bayanin. Shi manya suka gani a tsaye, sunansa za su tuna ranar ƙarin girma. Bai ƙwace miki komai ba, da hannunki kika miƙa masa.

Na san amsar da ke bakinku: kunya. Haka aka raine mu, 'ya mace ba ta ɗaga murya a gaban manya, ba ta zuba musu ido. Ban zo rushe wannan ba, kuma ina son 'ya'yana su tashi da kunya. Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya tunda ba bare a nan. Yawancin abin da ke danne mu a kujera ranar taro tsoro ne: kada murya ta yi rawa, kada a yi tuntuɓen harshe a yi mana dariya, kada gobe a ce wance ta cika iyayi. Sai mu kira shi kunya don ya fi daɗin faɗa.

Matan da muke alfahari da su ba su rasa kunya ba, kuma sun yi magana. Malaman tarihi sun kawo labarin Asma'u 'yar Yazidu, sahabiya daga matan Madina, wadda ake yi wa laƙabi da mai magana da yawun mata, saboda ita ce take zuwa gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta gabatar da tambayar da 'yan uwanta suka aiko ta da ita. A nan ƙasarmu ga Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Ita ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana zaɓen dattawan mata ta naɗa su jaji, ta ɗora musu malafa, su koma garuruwansu su tara mata su karantar da su. Kowace jaji sai ta fuskanci jama'a ta buɗe baki. Ga Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda karatunta na boko bai wuce 'yan azuzuwan firamare ba, ta shiga jam'iyyar NEPU tana da ƙuruciya, ta hau dandamali a zamanin da matan Arewa ko ƙuri'a ba su da ikon jefawa, aka yi ta kai ta gidan yari tana fitowa tana komawa kan maganarta. Yau akwai babban asibiti a Zariya da ke ɗauke da sunanta. Mu kuwa ba kurkuku ke jiran mu ba, mintuna uku ne a ɗakin taron makaranta.

To, bari mu fara da jiki, tunda shi ke fara tona mana asiri. Ana kiran sunanki gabanki ya yanke ya faɗi, tafin hannu ya jiƙe, baki ya bushe ƙamas, gwiwa ta ɗauki rawa. Wannan ba ciwo ba ne, ba kuma sammu ba. Jiki ne ya hango abin da ya ɗauka haɗari, sai ya saki sinadarin adirenalin cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarta, yawu ya ragu. Abin ya fi tsanani a lokacin jira da kuma farkon tsayuwa, in kika daure kika wuce minti ɗaya ko biyu sai ki ji ya fara lafawa. Kuma abin da kike ji a ciki ya ninka abin da mutane ke gani a waje. Ke ce kike jin bugun ƙirjinki, na layin baya ba ya ji.

Ni abin da ke sanyaya mini rai a nan shi ne ƙissar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Da aka aike shi wurin Fir'auna, a Suratu Ɗaha, abin da ya fara roƙo shi ne buɗin ƙirji da sauƙin al'amari da warwarewar ƙullin harshe, don a fahimci maganarsa. A Suratul Ƙasas kuma ya nemi a haɗa shi da ɗan uwansa Haruna saboda ya fi shi fasahar harshe. Duk wadda ta taɓa jin nauyin baki, ta san ba ita ta fara ba. Ki riƙe addu'ar nan, yawancinmu mun haddace ta tun a Islamiyya. Sannan kina zaune kafin a kira ki, ki ja numfashi ta hanci a hankali, ki fitar ta baki, fitarwar ta fi jan tsawo, sau huɗu ko biyar. Doguwar fitar da numfashi tana rage gudun zuciya, kuma ba wanda zai lura kina yi. Ki kurɓi ruwa. Kofi da shayi mai kauri da goro ki bar su sai an tashi, don suna ƙara rawar hannu.

Amma numfashi ba shi ne gundarin zancen ba. Abin da na lura da shi a tarurrukan da nake zuwa shi ne, mafi yawan masu kame-kame ba ƙarfin hali suka rasa ba, ba su yanke shawarar abin da suka zo faɗa ba ne. Abubuwa goma ne a kansu, kowanne yana son ya riga fita. Don haka kafin ki nemi kayan da za ki sa, ki zauna ki amsa wannan: in aka tare ki a bakin ƙofa aka ce a jimla ɗaya me kika zo gaya mana, me za ki ce? In jimlar ba ta fito ba, ba ki shirya ba, ko da kin cika shafi ashirin.

Bari in ɗauki aikinki misali, Anti Nas, tunda ke kike tsayawa gaban mata ranar awo da ranar rigakafi. An ba ki minti goma kan gudawar yara. A makaranta an koya miki abubuwa da yawa: ire-iren ƙwayoyin cuta, alamomin bushewar jiki, tsaftar ruwa, wankin hannu, shayarwa, abinci. In kika juye musu duka, da jariri yana kuka a bayan kowace, rana tana yi, ga layin karɓar kati, za su tashi ba su riƙe ko ɗaya ba. To ki zaɓi guda: yaro ya fara gudawa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, kada a daina ba shi nono. Shi ke nan jimlarki. Sai ki ɗauko fakitin a gabansu, ga ruwa mai tsabta lita ɗaya, ki zuba ki motsa suna kallo, don gani ya kori ji. Ki faɗi na ƙwayar zinc da ake haɗawa da shi kwana 10 zuwa 14, ki faɗi alamun da in an gani sai a garzayo asibiti. Daga nan ki ce wata uwa ta tashi ta maimaita wa 'yan uwanta da bakinta. In ta faɗa daidai, jawabinki ya yi. In ta karkace, kin ga inda za ki gyara tun ba su watse ba. Sauran darussan akwai wani makon.

Wannan shi ne ma'aunin da nake auna kowane jawabi da shi, na asibiti ko na walima ko na ofis: abin da mai sauraro ya tafi da shi gida. Kuma shi ke rage tsoro. Muddin hankalinki yana kan yadda kike fitowa a idon mutane, kwarjininsu zai cika miki ido. In ya koma kan matar can ta lungu da kike son ta gane yadda ake haɗa ruwan nan kafin ɗanta ya galabaita, sai ki manta da kanki. Harshen ma da shi ake zaɓa. In Hausawa ne a gabanki, yi musu Hausa tsantsa, kada ki riƙa tsarma Turanci don a san kin yi karatu. In taron na Turanci ne, yi gajerun jimloli da kalmomin da bakinki ya saba da su.

Yanzu buɗewa. Mu mutane ne masu gaisuwa, kuma ba zan ce a yar da ita ba. Ki yi sallama, ki gaida manya da muƙamansu, kuma ki tabbatar da muƙaman tun kafin ki tashi. Ki tambayi mai gabatarwa a gefe ki rubuta, don kiran hakimi da dagaci zai iya ɓata miki jawabi tun ba ki fara ba. Amma in mutum biyar sun riga ki kowa ya jero sunayen manyan baƙi, gaisuwa ɗaya mai ladabi ta wadatar. Sau da yawa ana ba mace minti biyar, ta ƙarar da uku a gaishe-gaishe da godiya, tana shiga maganar da ta kawo ta sai ga takarda an miƙo cewa lokaci ya cika. Abu ɗaya kuma da nake roƙon ku da shi: kada wadda ta sake buɗe baki da cewa ita dai ba gwanar magana ba ce, ko ba ta shirya ba, a yi haƙuri da ita. Muna faɗa don tawali'u, amma abin da kunnen jama'a ke ji shi ne izinin su koma kan wayoyinsu. Ku tuna yadda kakanninmu ke buɗe tatsuniya. Kaka tana cewa ga ta nan ga ta nanku, sai mun amsa kafin ta ci gaba, kuma da amsawar nan ta riga ta kama mu. Ki buɗe da tambayar da za a amsa, ko gajeren labarin da ya faru da gaske, ko adadi guda da zai sa a ɗago kai.

Tsawo kuwa, addininmu ma ya yi mana iyaka. A Sahihu Muslim akwai hadisin Ammar ɗan Yasir da ke nuna gajarta huɗuba alama ce ta fahimtar mai yin ta. Amurkawa kuma suna da labarin Gettysburg a 1863: babban mai jawabi Edward Everett ya shafe kimanin awa biyu, shugaba Abraham Lincoln ya yi kamar minti biyu, kuma na Lincoln ne yaransu ke haddacewa har yau. In an ba ki minti biyar, shirya na huɗu.

Sai maganar takarda, kuma a nan muke rabuwa gida biyu. Wasu su rubuta komai su kafa kai suna karantawa, ba a ganin komai sai saman ɗankwali. Wasu kuma, da yake mun saba da hadda, su haddace jawabin kalma bayan kalma. Na biyun ya fi haɗari, don kalma ɗaya na suɓucewa sauran duk su bi ta, a bar ki tsaye kina kallon rufi. Abin da ya fi shi ne ki haddace jimla biyu na farko da jimlar ƙarshe, don su ne wuraren da aka fi tuntuɓe. Tsakiyar kuma ki rubuta kanunta uku ko huɗu a 'yar ƙaramar takarda da manyan baƙaƙe, kowanne da misalinsa. In kin manta wani abu, ba wanda ya san yana cikin shirin sai ke.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwaji kuma da baki ake yin sa, a tsaye, da murya a sama. Wanda aka yi a zuci ana kwance ba gwaji ba ne, don a zuci kowace jimla santsi gare ta, sai ta zo harshe ake gane mai ƙaya. Dukkanmu muna aika saƙon murya a WhatsApp kullum, to ki ɗauki kanki a waya ki saurara. Karon farko ba za ki so muryarki ba, kowa haka yake, don yadda muke jin kanmu daga ciki daban ne da yadda ake jin mu. Ki daure ki ji har ƙarshe. A nan za ki kama su wato, da ma'ana, da kin gane ko, da a gaskiya, waɗanda muke cusawa duk inda muka ji rami. Maganinsu shiru. In kin kai ƙarshen magana ki tsaya, ki haɗiyi yawu, ki ci gaba. Ke za ki ji shirun ya yi tsawo, masu sauraro kuwa a lokacin suke tauna abin da kika faɗa.

In kuna son ku ji abin da nake nufi, ku nemi muryar Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa a YouTube, jawabinsa na ranar samun 'yancin kai, 1 ga Oktoba 1960, ko wanda ya yi a Majalisar Ɗinkin Duniya mako guda bayan nan, da aka karɓi Nijeriya a matsayin ƙasa ta 99. Ana yi masa kirari da mai muryar zinare, kuma muryar baiwa ce. Amma ku saurari abin da ba baiwa ba: ba ya gaggawa, kowace kalma sai ta cika ta fita kafin ta gaba ta zo, yana tsayawa inda ya dace. Malamin makaranta ne da ya fito daga Kwalejin Katsina ya koyar a Bauchi, ya yi shekaru yana tsayawa gaban aji kafin ya tsaya gaban duniya. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta siffanta maganar Manzon Allah da cewa ba ya jero ta da sauri, har mai ƙirga zai iya ƙirga kalmominsa, Anas kuma ya ce yakan maimaita magana sau uku don a fahimta. Mu kuwa tsoro na kama mu sai mu ƙara wuta don mu gama mu zauna.

Ɗan Masanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, Allah ya jiƙansa, wani darasin ne. Shi ma malamin makaranta ne tun farko, ya wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya rasu a 2017. A ƙarshen rayuwarsa idonsa ya tafi, ba takardar da zai duba, amma in ya karɓi abin magana, da Hausa ko da Turanci, ba mai motsi. Da me yake riƙe mutane? Da labari. Zai kawo abin da ya faru tsakaninsa da Sardauna ko wani na zamaninsu, ya bi da kai cikinsa har sai ka ga kamar kana wurin, sannan ya ɗora maganar da yake son ka riƙe. Wannan kuwa, 'yan uwa, sana'armu ce. Ba abin da muke yi a ɗakin nan sai ba da labari.

Auta, na ga tun ɗazu kina son ki yi tambaya, na san kare kundin digirinki ne ke hana ki barci. Matso. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi da PowerPoint shi ne su kwashe babi guda su liƙa a allon majigi, sannan su juya wa malamai baya suna karanta musu abin da su ma suna gani. Ido ya fi baki sauri, kafin ki kai layi na biyu sun gama shafin sun daina jin ki. Wani masanin kasuwanci a Amurka, Guy Kawasaki, yana da ƙa'idar da ya yi wa masu neman jari: shafi 10, minti 20, rubutu kada ya gaza girman lamba 30. Ba dole ki bi ta sak ba, amma ki ɗauki hikimarta. Kowane shafi magana ɗaya, jadawali ɗaya ko hoto ɗaya, bayanin kuma daga bakinki. Ki gaya musu matsalar da kika bincika, yadda kika bincika, abin da kika samo, da amfaninsa. Mafi yawan lokacinki ya tafi kan abin da kika samo, don shi ne naki, sauran sun riga sun karanta a wurin wasu.

Kuma ki shirya kamar za a ɗauke wuta, don ana ɗaukewa. Ki buga shafukan a takarda, ki ajiye kwafi a filas da kuma a wayarki, ki je da wuri ki gwada na'urar. Ki iya bayaninki ko da allon ya mutu. In aka zo tambayoyi, ki bari mai tambaya ya kai aya, kada ki tari numfashinsa. Ki maimaita tambayar a taƙaice, wannan zai ba ki lokacin tunani kuma ya tabbatar kin ji daidai. In ba ki sani ba, ki ce bincikenki bai kai nan ba, za ki duba. Imamu Malik da girmansa an san shi da yawan cewa bai sani ba. Malaman nan sun fi saurin yafe wa mai gaskiya a kan mai ƙirƙirar amsa, kuma ki tuna babu wanda ya kai ki sanin kundin nan a ɗakin.

Akwai ƙananan abubuwa namu na mata da littattafan koyon jawabi ba sa kawowa. Ki kafe mayafinki da fil tun daga gida, don hannun da ke ta jan gyale ba zai taya ki bayani ba. Awarwaro masu ƙara ki cire su, makirfo yana kwashe kacau-kacau ɗinsu ya watsa wa ɗaki. In irin na maƙalawa ne, kada hijabi ya rufe shi ko ya riƙa gogarsa. Na hannu kuma ki riƙe shi kamar yatsu huɗu daga baki, in kin juya kai ya bi ki, kada ki nufi lasifika da shi don zai yi ƙara. Jaka ta zauna a kujera. Takalmin da ba ki saba da shi ba, ba ranarsa ba ce. Idanu kuwa, ba sai kin zuba wa wani dattijo su ba. Ki nemi fuska uku masu sakin rai, ɗaya a dama, ɗaya a tsakiya, ɗaya a hagu, ki riƙa yi musu magana bi da bi, sai ɗakin duka ya ji da shi kike.

Amma kada a ruɗe ku da wannan ɓangaren. A tarurrukan horaswa za ku ji ana cewa kalmomi kashi 7 ne kacal cikin ɗari na saƙo, murya 38, fuska da jiki 55. Alƙaluman daga binciken Albert Mehrabian ne na 1967, kuma abin da ya gwada shi ne yadda ake gane so ko ƙi daga kalma guda in furuci da fuska sun saɓa. Shi da kansa ya ce ba a ɗora su kan kowace irin magana. Tsayuwa mai kyau tana taimako, amma ba ta maye gurbin abin faɗa.

Wadda kuma ke da in'ina, ko ɗanta ke da ita, kada a haɗa ta da tsoro ko rashin wayo. Kusan mutum ɗaya cikin ɗari na manya yana da ita. Sarkin Ingila George na Shida ya yi fama da ita, ya yi shekaru yana aiki da mai gyaran magana Lionel Logue tun daga 1926, kuma shi ya yi wa ƙasarsa jawabi ta rediyo ranar da ta shiga yaƙi a 1939. Abin da mai in'ina ke buƙata a wurinmu shi ne mu jira shi, kada mu ƙarasa masa jimla, kada mu bari yara su kwaikwaye shi.

Duk abin da na faɗa ba zai amfane mu ba in a kunne ya tsaya. Tuwon farko da kowaccenmu ta tuƙa da gudaji ya fito, kuma ba a gidan biki aka fara ba mu muciya ba, a gida ne, gaban wadda za ta gyara mana ba tare da ta tozarta mu ba. Magana ma wurin koyo take so. A 1924 wani mutum mai suna Ralph Smedley ya kafa ƙungiyar Toastmasters a garin Santa Ana na jihar Kalifoniya, yau tana da rassa a ƙasashe da dama har da Nijeriya. Tsarinsu ba wuya. Mutum ya tashi ya yi jawabin 'yan mintuna. Akwai mai riƙe lokaci da ke nuna kore, sannan rawaya, sannan ja. Akwai mai ƙirga kalmomin cike gurbi. Akwai wanda zai tashi ya faɗi abin da ya yi kyau da abin da za a gyara. Akwai kuma lokacin da za a jefo wa mutum batu ba shiri ya yi magana minti ɗaya zuwa biyu.

Me zai hana mu yi namu? Muna haɗuwa duk wata saboda adashi. Bayan an tara kuɗi, kafin a buɗe kuloli, mu ware rabin awa. Mutum uku su tashi, a tsaye, minti uku-uku, kowa kan abin da ta sani: mai saida atamfa ta koya mana gane ta gaske, malama ta gaya mana yadda ake duba littafin yaro, Auta ta gwada kare kundinta a kanmu mu yi mata tambayoyi. Yaya ta riƙe agogo, tunda ba mai yi mata musu. Sharaɗi biyu nake so mu ɗaure kanmu da su. Mai gyara ta fara da abu biyu da suka yi kyau, sannan ta kawo gyara ɗaya tak, wanda za a iya aiki da shi. Kuma abin da ya faru a ɗakin nan ya mutu a nan, ba ɗaukar bidiyon wata, ba kai labarin rawar muryarta gidan suna.

'Yan matanmu ma su riƙa zama. In yarinya ta dawo ta ce an sa ta a muhawara ko musabaƙa, ko za ta yi jawabi ranar saukar karatu, kada a ce mata rawar kai. A tsayar da ita a tsakar gida ta gwada, a saurare ta har ta gama, a tafa mata.

Taron iyaye da malamai na zangon nan yana tafe, kuma batun cunkoson yara a aji yana nan ba wanda ya tayar. Maman 'yan biyu, ke kika fi mu riƙe lissafinsa. Ki kawo mana shi a zaman wata mai zuwa mu ji, minti uku, ranar taron kuma duk za mu zauna a layinki.